Likita ya san cuta, wa ya san mai cutar?

Jawabin da na yi gaban ƴan makaranta, ma'aikatan lafiya da ƴan farar hula a garin Illela

Iyayena, malamaina, ma'aikatan lafiya da sunka baro aiki sunka zo, da ku ƙannena ƴan lise da nake hangowa can baya kun jingina da bango, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Maganata ta yau a kan wata katanga ce da muke ginawa cikin kan ɗiyanmu tun suna da shekara 15 ko 16. Yaro na cin birbe sai a duba makinsa. Wanda ya iya lissafi a tura shi sashen kimiyya, ya fito da bak C ko D. Wanda bai iya ba a ce masa tafi seri A. Kun san yadda ake faɗinta a gida, kamar ana yi wa uwa jaje: "Ai A anka ba shi." Daga ranar nan sun rabu ke nan. Ɗan D ya tafi Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya yi shekara bakwai ko fiye yana koyon jini, ƙashi, ƙwayar cuta da magani. Ɗan A ya karanta tarihi, harshe, shari'a ko zamantakewa, ya fito yana neman kwantiragin koyarwa. Ba za su sake zama aji ɗaya ba har abada. To amma mara lafiya da ke kwance a asibitin Illela ko na Ƙonni, shi ba a raba shi biyu ba. Jikinsa, aljihunsa, harshensa, tsoronsa da danginsa duk tare sunka zo kan tabarma ɗaya.

Ku ɗauki mace mai naƙuda a wani ƙauye na ƙasar Adar. Mijinta ya tafi bida, yana Abijan ko Legas ko Libiya, kamar yadda mazan wanga yanki sunka saba. Naƙuda ta yi kwana ɗaya ba ta sauka ba. Wa ke da ikon cewa a ɗauke ta a kai ta asibiti? Uwar miji? Ƙanen miji? Ko sai an samu mijin a waya? In haihuwar fari ce, kunya ma ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba. An yanke shawara, sai neman amalanke ko babur da kuɗin mai. An isa, sai a ce wanga aiki ya fi ƙarfin nan, a wuce Tawa ko Galmi. Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sunka kasa wanga abu gida uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Likitan fiɗa, komai ƙwarewarsa, a ƙarshen na ukun yake tsaye da safar hannu. Biyun farko sun riga sun cinye matar kafin ya ganta, kuma babu madubin ɗakin gwaji da ke nuna su.

Bari in daɗe kaɗan a kan wankan jego, don shi ne misalin da ya fi koya mini wani abu.

A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sunka lura mata da yawa na zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciya ta kasa. Kusan mace 1 cikin 100 da sunka haihu, adadin da ba a saba gani ba a sauran duniya. Maimakon su tsaya ga awon ƙirji kaɗai, sai sunka tambayi abin da mai jego take yi a gida. Anka ce musu wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Sunka ce to ga bakin zaren: gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Sunka buga sakamakon a 1978, ya shiga littattafan likitanci, ɗalibai sunka yi ta haddace shi. Wanga aiki ne mai kyau, don likita ya fita daga ɗakinsa ya leƙa bayan ɗakin mata.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A Yamai, wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa sunka auna jinin irin waɗanga mata, a 1992 sunka nuna suna da ƙarancin wani sinadari da ake ce ma seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Najeriya. Abin da sunka samu ya ba mutane mamaki: matan da ba su kamu ba, su ma suna wankan jego suna shan kunun kanwa. Abin da ya fi raba masu ciwon da sauran shi ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jini lokacin ciki. Wato shekara da shekaru ana ɗora laifin duka a kan tsohuwar da ke hura wutar wanka, alhali babban kaso na laifin yana cikin rumbun da ya ƙare tun kafin damina.

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, kalmar "al'ada" tana da sauƙin faɗi, kuma tana wanke kowa. In an ce al'ada ce, gwamnati ba ta da laifi, asibiti ba shi da laifi, mai gida ba shi da laifi. Likitan da bai san yadda ake binciken jama'a ba zai tsaya a nan. Masanin jama'a da bai san aikin zuciya ba shi kuma zai ce a bar mata da al'adarsu, ya wuce. Sai da anka haɗa awon jini da tambayar me kike ci, nawa ke shigowa gidanku, kin yi makaranta, sannan hoton ya fara fitowa.

Sai maganar harshe. Likitanmu da Faransanci ya yi karatu, mara lafiya da Hausa yake ciwo. Mace ta ce "sanyi ke damuna". Sanyin nan yana iya zama mura, ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara da take jin nauyin faɗi gaban namiji. Wani ya ce "shawara", wani ya ce "zahi", mai ciki ta ce tana shan maganin zaƙi. Kowace kalma tana tafe da nata bayani a kan abin da ya kawo ciwon da wanda ya kamata a kai ma shi, wanzami, mai saiwa, malami ko asibiti. A 1999 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da littafi guda a kan irin waɗanga sunayen cuta na jama'a a Afirka ta Yamma, har da zahin Hausawa da weyno na Zabarmawa. Yaro Bahaushe da ya girma a gida yana jin kalmomin, amma ji daban, sani daban, kuma a aji an koya masa ya bar su bakin ƙofa tare da takalmansa. Wanda anka turo daga wani yanki kuwa, sai ya nemi mai shara ko ɗan rakiya ya yi masa tafinta, a kan sirrin da mace ba ta gaya ma ko uwarta ba. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina so in ga wanga magana ta sauko daga takarda ta shiga ɗakin awon ciki.

Mu da ke bakin iyaka mun san cuta ba ta nuna takarda ga ɗan duwan. Illela ma biyu ce, tamu ta Adar da ta jihar Sakkwato da ke kallon Ƙonni, kuma jita-jitar da anka yi a kasuwar waccan da safe, kafin la'asar ta iso tamu. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a binciken da ya shafi yara 200. Yara 11 sunka rasu, wasu sunka naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye sunka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. An yi ta shari'a har 2009 da anka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 7 bayan gwajin, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa, ba ta koma ba sai Yulin 2004. Cikin wanga tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma mu ne maƙwabta na farko. An auna maganin, lafiyarsa lau. Abin da ya lalace amana ce, ita kuwa ba a ɗiga ta a baki. Mutumin da ba shi da ko farasitamol a asibitin garinsu, sai ga mutane har ƙofar gida suna roƙonsa ya karɓi magani kyauta, ai dole ya tambayi dalili. Ba jahilci ne ya sa shi tambaya ba, lissafi ya yi da abin da idonsa ya gani. An shawo kan abin ne da anka koma ga sarakuna, malamai da matan unguwa, har anka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Wanda ya san tarihin Trovan da tarihin yadda hukuma ke shiga gidan talaka, da ya hango 2003 tun daga nesa.

Na gida kuma, ma'aikatan lafiya da ke nan sun fi ni sani. A 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Niyya mai kyau, kuma mata sun yi ta zuwa. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin, ya aika da takardun kuɗi, baitulmali ya biya. Biyan ya yi ta jinkiri, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantar magani ta bushe, manjo ya koma rubuta takardar sayen magani. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta, ta zo an miƙa mata takarda, sai ta ce manjo ɓarawo ne. Su wa sunka bi diddigin wanga abu daki-daki? Masu binciken LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da anka kafa a Yamai a 2001. Sun zauna a asibitoci suna kallo, suna tambaya, suna bin takarda daga tebur zuwa tebur. Kafin nan, a 2003, Jaffré da Olivier de Sardan sun jagoranci wani littafi a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar, Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Sunansa kaɗai ya isa, Une médecine inhospitalière, wato asibitin da ba ya maraba da baƙo. Tsawa, wulaƙanci, fifita mai sanayya. Ban kawo shi don in ci zarafin kowa ba, littafin ma ya nuna halin da ma'aikatan ke aiki ciki. Ina tambaya ne kurum: ɗalibi nawa ne cikin masu koyon jinya anka sa ya karanta shi kafin a ba shi farar riga?

Akwai wani Ba'amurke, Lewis Wall. A shekarun 1970 ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi yana nazarin yadda Hausawa ke fahimtar ciwo da magani, ya yi digirinsa na dokta a kai a Oksfod. Abin da ya gani ya sa ya koma makaranta ya karanta likitanci, ya zama likitan mata. Littafinsa a kan magungunan Hausawa ya fito a 1988, ya yi rubutu a kan mutuwar mata wajen haihuwa da yoyon fitsari a ƙasar Hausa, kuma ƙungiyar da ya kafa tana cikin waɗanda sunka gina asibitin yoyon fitsari na Danja kusa da Maraɗi, wanda anka buɗe a 2012. Allah ya saka masa. Amma ku lura da sunayen da nake ta kira tun ɗazu. Mafi yawansu baƙi ne. Su ne ke zuwa su koyi harshenmu, su zauna da kakanninmu, su rubuta da Turanci ko Faransanci, mu kuma mu nemi littafin mu rasa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma mu mun bar baƙo yana ƙirga mana ɗigon.

Kuma kada wani ya ce haɗa ilimin jiki da na jama'a baƙon abu ne a nan. Maratta, inda anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ga ta nan kusa da Galmi. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta tarihi da fiƙihu da sha'anin mulki, shi ne kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da basir da ciwon ido. Ba wanda ya ce masa wanga ba fanninka ba ne. Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa masanin kimiyyar hasken rana ne, amma littafinsa da ya fi yawo a duniya, na 1964, a kan ilimi da tarbiyya a Afirka yake.

A yau ma akwai inda ake yi. A Butaro, wani gari cikin duwatsun arewacin Ruwanda, akwai jami'ar lafiya da anka kafa a 2015, da hannun marigayi Paul Farmer, wanda shi kansa likita ne kuma masanin zamantakewa. Ɗalibin likita a can yana fara karatunsa da tarihi, zamantakewa da shiga ƙauyuka, kafin ya duƙufa kan sassan jiki. Ruwanda ba ta da teku, ba ta da man fetur.

To, me nake nema? Muna da jami'a a Tawa tun 2010. Tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wato tarihin wanga gari da muke zaune ciki. Tana koyar da shari'a, tattalin arziki, noma da aikin koyarwa. Ban ce gobe a buɗe tsangayar likitanci ba, wannan kuɗi ne mai yawa. Abin da nake cewa ya fi haka araha: a buɗe sashen lafiya da al'umma, inda ɗan A da ɗan D za su zauna benci ɗaya, tare da malaman jinya da ungozomomin da ke bakin aiki masu son ƙaro karatu. Ɗan A ya koyi yadda ƙwayar cuta ke yaɗuwa, yadda rigakafi ke aiki, da yadda ake karanta alƙaluma, kuma a kayar da shi in bai iya ba. Ɗan D ya koyi tarihi, dokar haƙƙin mara lafiya, yadda kuɗin asibiti ke tafiya, da yadda ake zama da tsohuwa a yi mata tambaya ba tare da an raina ta ba. Likitocin babban asibitin Tawa da masu binciken LASDEL da na CERMES su riƙa zuwa suna ba da darasi. Kowane ɗalibi ya yi watanni a ƙauye kafin a ba shi takarda, kuma ya dawo ya faɗa wa mutanen ƙauyen abin da ya samu, da Hausa ko Tamashek ko Fulfulde, ba ya kwashe maganarsu ya ɓace ba.

Abin bincike kuwa ga shi nan zube. Gandun noman rani na Ƙonni, da yaran da ke wanka cikin magudanan ruwansa: yaya labarin tsargiya da sauro? Masu albasa a Galmi da ke fesa maganin ƙwari: wa ke karanta musu abin da anka rubuta jikin kwalba, kuma ina kwalbar ke zuwa in ta ƙare? Ƙurar siminti a Malbaza da ƙirjin maƙwabta. Ƙwayoyin da ake tallansu kan tire a tasha cikin rana. Abin da ya faru da masu ciwon suga da hawan jini lokacin da anka rufe iyaka a 2023. Ba ɗaya daga cikin waɗanga tambayoyi da ɗan kimiyya zai amsa shi kaɗai, ko ɗan tarihi shi kaɗai.

Na san abin da za a ce. Na farko, su yi aikin me in sun gama? Tambaya ce ta gaskiya, don mun gaji da masu digiri da ke zaman fada suna dafa shayi. Amsata ita ce a yau ma ana wanga aiki, ƙungiyoyin agaji da ofisoshin lafiya na ɗaukar masu wayar da kai da masu bincike, sai dai galibi horon ƴan kwanaki ake ba su. Dole tun farko a zauna da ma'aikatar lafiya ta amince da takardar, ta buɗe mata gurbi a kowace gundumar lafiya. In ba a yi haka ba, gara kada a fara.

Na biyu, wasu likitoci na tsoron a mayar da asibiti dandalin "kowa da gaskiyarsa". Ina tare da su a nan. Yankan gishiri yana jawo yoyon fitsari. Cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa haɗari ne. Sanƙarau ba ya jin turare. Sanin dalilin da ya sa uwa ta fara kai ɗanta wajen wanzami ba yarda da askar ba ne, hanya ce ta sanin da wa za a yi magana, kuma da wane harshe. Wanzamin nan an fi jin maganarsa a unguwa bisa ga takardar da anka manna a bangon asibiti, kuma shi ma yana da ɗiya da jikoki da ba ya so su mutu.

Mun rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban jami'ar Tawa da daraktan lafiya na jiha, muna neman a zauna a duba wanga shawara. Tana nan kan tebur, za a karanta ta da Hausa kafin kowa ya sa hannu, wanda ke da gyara ya faɗa. Ku kuma ƴan lise, A da D duka, ga aikin hutu: kowa ya samu kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya rubuta sunayen ciwon yara da ta sani, alamominsu, da inda ake fara kai yaro. Ku kawo mu haɗa, mu zauna da manjo ya gaya muna wanne ne ya dace da abin da ke cikin littafinsa, wanne ne bai dace ba.

Yanzu ina roƙon ma'aikatan lafiya su fara karɓar magana, don na ga wasu na girgiza kai tun ina zancen littafin nan na 2003.